Waiwaye: Kano, batsa da matan da ake ɗora wa laifi

Tun kafin wayar hannu ta shigo, Kano ke muhawara kan abin da ya dace a nuna ko a rubuta game da mace. A shekarun 1980 littattafan soyayya ne suka sha zargin lalata tarbiyyar 'yan mata, alhali da yawa daga marubutan mata ne, kuma auren dole da kishi da saki suke rubutawa a kai. Da fim ɗin bidiyo na Hausa ya fito a 1990, rawa da waƙa irin na Indiya suka biyo baya, sai zargin ya koma kan 'yan fim. Bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000, gwamnatin Kwankwaso ta kafa Hukumar Tace Finafinai a 2001.

Shekarar 2007 ce ta sauya komai. A shekarar ne aka ƙona littattafan soyayya a wata makarantar 'yan mata ƙarƙashin A Daidaita Sahu, shirin gyaran tarbiyya na gwamnatin Shekarau. A watan Agusta kuma wani bidiyon tsiraici na wata jaruma ya bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth. Ba fim ba ne, saurayinta ne ya ɗauka da wayarsa, ba kuma don a sayar ba. Duk da haka masana'antar baki ɗaya ta ɗanɗana kuɗarta: aka dakatar da ɗaukar fim na wata shida, aka naɗa Abubakar Rabo Abdulkarim shugaban hukumar, aka ɗaure Adam A. Zango, sannan mai shirya fim Hamisu Iyan-Tama a 2008. Ita jarumar sai da ta ɓuya, sunanta ya zama abin zagi a bakin yara. Wanda ya riƙe wayar fa? Yau da wuya ka sami mai tuna sunansa. Dubban mazan da suka yi ta roƙon a tura musu kuwa, babu wanda ya ce musu kanzil.

Haka aka sake yi a 2016, lokacin da ƙungiyar masu harkar fim ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau saboda rungumar mawaƙi ClassiQ a bidiyon waƙa. Shi ya ci gaba da harkarsa.

Yanzu fagen ya koma TikTok, Hisbah na kama masu rawa da kalaman batsa, kuma mata ne aka fi yayatawa. Ban ce babu abin gyara a can ba, akwai. Amma batsar gaske ba ta bi ta teburin hukumar tacewa. Tana shigowa ne ta intanet, ta shagunan masu tura fim a waya, ta zaurukan WhatsApp inda tsohon saurayi ke watsa hoton yarinyar da ta ƙi shi. Yarinyar na rasa aure, wani lokaci har makaranta, iyayenta kuma kan gwammace su yi shiru da su kai ƙara, don gudun kada a sake buɗe bidiyon a gaban 'yan sanda.