Waiwaye: Jirgin Estonia da hanyar da aka sauya masa a 1993

Tun 2020, da wani fim na bincike ya nuna huji mai kusan mita 4 a jikin jirgin ruwan Estonia da ke kwance a ƙasan Tekun Baltik, gardama ta dawo sabuwa: bam ne, ko karo ya yi? Estoniya da Suwidin da Finlan suka sake bincike, a 2023 suka ce ba su ga alamar ko ɗaya ba. Masu shakka ba su yi shiru ba, ni kuwa ban ga laifinsu ba. Rai 852 suka salwanta da jirgin ya nutse daren 28 ga Satumba 1994, mutum 137 kacal suka tsira.

A Papenburg ta Jamus aka ƙera shi a 1980 da sunan Viking Sally. Tsawonsa mita 155, yana ɗaukar fasinja 2,000 da motoci 460, ga ɗakunan kwana da wuraren cin abinci. Daga baya ya zama Silja Star, sannan Wasa King, kafin a sa masa suna Estonia a 1993.

Inda ya kamata a tsaya a duba shi ne farkon 1993. Shekarunsa goma na farko tsakanin Turku ta Finlan da Stockholm ta Suwidin ya yi su, yana ratsa dubban tsibirai waɗanda ke karya ƙarfin igiyar ruwa kafin ta taɓa shi. Da ya koma hanyar Tallinn ta Estoniya zuwa Stockholm a shekarar, sai ya zama kullum dare yana tsallaka buɗaɗɗen teku, ba abin da ke kare shi. Teku ta sauya, goshin jirgin kuwa yana nan yadda yake: murfin ƙarfe ne mai nauyin sama da tan 50, ana ɗaga shi motoci su shige. Bayansa akwai gadar da motocin ke hawa, kuma kanta a cikin jikin murfin yake shiga idan an rufe. Wato duk ranar da murfin ya balle, da gadar zai tafi. Ga shi daga ɗakin tuƙi ba a hango goshin.

Haka kuwa aka yi. Wajen ƙarfe 1:15 na daren 28 ga Satumba 1994, bayan igiyoyi sun yi ta dukansa, makullan suka karye, murfin ya fizge gadar ya faɗa ruwa. Ruwa ya kwararo benen motoci, fili ne fetal ba bangon da zai tare shi, jirgin ya kife gefe guda. Kafin ƙarfe 2 ya nutse. A watan Nuwamba na shekarar aka tsamo murfin, kusan mil guda daga inda jirgin yake kwance.