Tayar mota mai gudu: abin da doka ta ce, da abin da zafin Sakkwato ya ƙara a kai

Duk ƙarfin injin Mustang ko Mercedes-AMG, abin da ke haɗa motar da kwalta bai wuce wurare huɗu ba, kowanne kuma faɗinsa bai fi tafin hannu da yawa ba. Ta nan burki yake kamawa, ta nan sitiyari yake juya mota, ta nan kuma totur yake tura ta gaba. Shi ya sa dokar taya, wadda direbobi da yawa suke ɗauka dabarar karɓar kuɗi ce ta 'yan Rod Sefti, ta fi shafar masu irin waɗannan motoci fiye da kowa.

Hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, tana aiki ne da dokarta ta 2007 da kuma ƙa'idojin zirga-zirgar hanya na 2012. A jadawalin laifuffukanta, tuƙi da tayar da zanenta ya cinye laifi ne mai tarar naira 3,000, haka nan akwai laifin hawa tayar da wa'adinta ya ƙare da na tafiya babu safaya. Wa'adin da hukumar take koyarwa shi ne shekara huɗu, kuma ana lissafa shi daga ranar da aka ƙera tayar a masana'anta, ba daga ranar da aka saye ta a shago ba. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ya fara da DOT ya ƙare da lambobi huɗu: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan an ga 1822, an ƙera ta ke nan a mako na 18 na shekarar 2022. Kamfanoni irin su Michelin suna ba da wa'adi mai tsawo, suna cewa a riƙa duba taya duk shekara bayan ta kai biyar, a cire ta idan ta kai goma. A ganina shekara huɗun ta fi dacewa da mu, domin roba tana tsufa da zafi ko ba a hau ta ba, kuma motar da ta kwana ta wuni a rana a garin da ma'aunin zafi ke haura digiri 40 daga Maris zuwa Mayu ba daidai take da wadda ke ajiye a gareji a Jamus ba.

Tayoyin mota na hannu, waɗanda ake kira 'yan Kwatano ko Beljiyam, suna cikin kayan da hukumar kwastam ta hana shigowa da su, duk da cewa kowa ya san suna cike da kasuwa. A nan ne mai motar gudu yake shiga tsaka mai wuya, saboda sabuwar taya mai girman inci 19 ko 20 tana da tsada ƙwarai, ba kuma ko'ina ake samunta ba, sai ya ga ta hannu mai zane raɗau ya saya. Zane mai kyau ba ya nuna shekarun roba. Mafi muni ma, wasu daga cikinsu, da wasu da ke zuwa a ƙafar motocin da aka shigo da su daga Kanada ko arewacin Turai, tayoyin hunturu ne, waɗanda ake ganewa da hoton tsauni mai kai uku da ƙanƙara a cikinsa. An yi robarsu da laushi domin sanyin da ya yi ƙasa da digiri 7. A kan kwaltar hanyar Gusau da tsakar rana, irin wannan taya tana saurin cinyewa, tana kuma tsawaita nisan da mota za ta ci kafin burki ya tsayar da ita.

Akwai harafi a ƙarshen lambar girman taya da ya kamata mai mota ya iya karantawa. Idan an rubuta 245/35 R19 93Y, harafin Y yana nufin tayar za ta jure kilomita 300 a awa. W na 270 ne, V na 240, H na 210. Wannan harafi ba izinin gudu ba ne, domin iyakar da doka ta ba motar gida ita ce kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya, kuma babu sassauci ga wanda motarsa ta fi ta kowa tsada. Amfaninsa shi ne yana nuna irin zafin da ginin tayar zai iya ɗauka, don haka wanda ya cire Y ya sa H saboda araha ya rage wa motarsa kariyar da masu ƙera ta suka yi lissafi da ita. Lamba 35 ɗin nan kuwa tana nufin tsayin gefen tayar kashi 35 cikin ɗari ne na faɗinta, wato bai kai santimita tara ba. Wannan gajartar ce take sa mota ta riƙe hanya a kwana, ita ce kuma take sa rami guda ya tsinka zaren ciki. Idan kumburi ya fito a gefe, tayar ta gama aiki, kuma mai faci na gaskiya zai faɗa maka cewa gefe ba ya ɗaukar faci.

Tayoyin da aka yi domin gudu suna da roba mai kama ƙasa sosai, farashin hakan kuwa shi ne gajeren rai. Na baya ne suka fi saurin cinyewa a motocin da ke turawa da ƙafar baya, musamman a hannun matasan da ke wasan mota a bukukuwan aure, abin da shi kansa yake iya faɗawa ƙarƙashin laifin tuƙin ganganci mai tarar naira 50,000. A cikin ramukan zanen akwai 'yan tudu da aka ajiye a tsayin milimita 1.6, kuma idan zane ya yi daidai da su, tayar ta kai maƙura. Ban ga dalilin jira har sai ta kai nan ba. Taya mai faɗi tana da ruwa mai yawa da za ta kora daga gabanta, kuma ruwan farko na damina yana sauka ne a kan ƙurar watanni da man da motoci suka zubar, sai kwalta ta yi santsi. Idan zanen ya yi ƙasa, tayar tana hawa saman ruwan, sitiyari ya yi sako-sako a hannu, na'urar ABS ma, mai hana ƙafafun mota kullewa idan an taka burki, ba ta da abin da za ta kama.

Batun safaya yana da ɗan sarƙaƙiya, saboda motocin gudu da yawa suna fitowa daga kamfani ba tare da ita ba; wasu suna da tayar da ke iya tafiya bayan ta yi faci, galibi tafiyar kilomita 80 a gudun da bai wuce kilomita 80 a awa ba. Jami'in da ya tsayar da kai safaya zai tambaya, kuma wanda zai kama hanyar Illela ko ta Tambuwal gara ya nemi wadda ta dace da wilinsa kafin ya tashi.

Iska kuwa da safe ake auna ta, kafin mota ta yi tafiya, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofar direba, ba wadda ke rubuce a jikin taya ba, domin waccan iyakar abin da tayar ke ɗauka ce. Al'adar rage iska a lokacin zafi don tsoron fashewa kuskure ne: tayar da iskarta ta gaza ita ce take lanƙwasa a kowane juyi har ta ɗau zafi ta fashe. Da hunturu ma iska tana raguwa da kanta a sanyin asuba, don haka awon da aka yi a watan Afrilu ba zai yi wa Disamba aiki ba.