Ƙaramar wutar tsohon obin ɗin gas: amsa ga masu burodi da masu kek

Tun da hunturu ya shigo Gusau, tambayoyi iri ɗaya ake ta yi mini a shago da kuma a waya kan tsofaffin obin na hannu da ake shigowa da su daga Turai, musamman kan ƙaramar wutar nan da ke ci kullum don ta kunna babbar bona. Don Allah a karanta wannan kafin a kira ni.

Zan iya cusa tsinke in danne madannin da ake riƙewa wajen kunnawa don ƙaramar wutar ta daina mutuwa?

A'a. Ba tsinke, ba waya, ba roba. Gas ɗin silinda ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya, ba ya tashi ya bi taga. In ka danne madannin, iska ta hure wutar cikin dare, gas zai cika obin da ɗakin, yaronka kuma ya zo da ashana da asuba. Malam, ka ji tsoron Allah.

Mene ne ɗan ƙarfen nan mai doguwar wutsiyar jan ƙarfe da ke jikin wutar?

Tamokoful. Ƙarafa biyu ne daban aka haɗa a kansa. In wuta ta gasa kan, yakan ba da ɗan lantarki, milibolt 25 zuwa 30, wanda ke riƙe wani maganaɗisu a cikin bawul ɗin da ke buɗe hanyar gas. Wuta ta mutu, kan ya huce, maganaɗisu ya saki, gas ya tsaya. Ba ruwansa da wutar NEPA.

Daƙiƙa nawa zan riƙe madannin?

30 zuwa 60. Hajiya, ba biyar ba.

Wuta ta mutu, in sake kunnawa nan take?

Kashe, buɗe ƙofar obin, jira minti 5.

Na sa sabon tamokoful, amma da na saki madanni sai wutar ta mutu. Me ya rage?

To, nan ne ba na son yanke hukunci ta waya, domin abu huɗu ko biyar na iya kawo haka, wani lokaci biyu a haɗe. Ni da wutar kanta nake farawa. Ya kamata ta zama shuɗiya, tsayayya, ta lulluɓe kamar santimita ɗaya na kan tamokoful ɗin. In ka ga rawaya ce tana lilo tana baƙanta ƙarfe, galibi ƙurar hunturu ce da garin fulawa suka toshe nozul, wato ɗan bakin da gas ke fitowa, ko ramin shan iska. Ka rufe silinda, ka kwance, ka hure da iska. Kada ka soka allura. Da ramin ya faɗaɗa ka kashe nozul ɗin.

In wutar ƙalau take, duba notin da ke ɗaure wutsiyar a jikin bawul. Lantarkin ƙanƙani ne ƙwarai, 'yar tsatsa ko maiƙo ya isa ya tare shi. Goge bakin da tsumma busasshe, ɗaure da yatsa, sannan ka ƙara kwata ɗaya kawai da sifana. Yaran shago da yawa sukan murɗa da ƙarfin tuwo su murƙushe bakin, daga nan a ɗora wa mai kaya laifi.

Akwai kuma wadda mutane ba sa son ji. Yawancin obin ɗin Turai an saita su ne kan gas ɗin bututu, mai matsin miliba 20, mu kuma na silinda muke da shi, wanda rigiletarsa ke ba da 28 zuwa 37. Ramin nozul ɗin gas ɗin bututu ya fi na gas ɗin silinda faɗi. In wanda ya sayar maka bai canza ba, wutar za ta yi ta hauka, ta yi tsawo ta wuce kan tamokoful, ko babbar bona ta hure ta in ta tashi. Mai yiwuwa wannan ne, mai yiwuwa kuma rigileta ce ta gaji, sai na gani da idona.

In duk waɗannan lafiya, a sa mitar auna lantarki. Tamokoful ya ba da milibolt kusan 25 amma bawul ya ƙi riƙewa? To maganaɗisun ciki ne ya mutu. Canza shi ake yi, ba a faci. Wasu tsofaffi tukuf ma ba tamokoful ne da su ba, siririn bututu ne mai zaiba a ciki. Wannan kada ka yanke, kada ka lanƙwasa, guba ce.

Ina jin warin gas, ta yaya zan gano inda yake yoyo?

Ruwan omo a kan tiyo da mahaɗai, ka duba inda yake kumfa. Kafin nan rufe silinda, buɗe ƙofa da taga, kada ka taɓa makunnin lantarki. Mai gwadawa da ashana, ba da shi nake magana ba.

Ke nan sai na sayi sabon obin?

Kwantar da hankalinki, Hajiya. Tamokoful kullum cikin wuta yake, dole wata rana ya cinye, kuma yana cikin mafi arhar kayan obin. Ki ba yaro tsohon ya tafi da shi kasuwa, a gwada tsawon wutsiyar da zaren notin kafin a biya, don ba duka ke shiga juna ba.