Fim ɗin ban tsoro da salon dandamali a nazarin siniman ƙasa

Nazarin siniman ƙasa reshe ne na ilimin fim da ke duba fina-finan wata ƙasa a dunƙule: wa ya zuba kuɗi, da wane harshe aka yi su, wace hukuma ta tace, su wa suka kalla kuma a ina. Manazarta sukan kafa hujja da fim ɗin ban tsoro, domin abin da ke razana mutane ya bambanta daga al'umma zuwa al'umma. Salon dandamali kuwa shi ne ɗabi'un wasan kwaikwayo da ke biyo ɗan wasa zuwa gaban kyamara, irin su ɗaga murya, faɗaɗa motsi da fuskantar masu kallo.

Asali

Tun farko tsoro a fim daga dandamali ya fito. Georges Méliès mai wasan rufa-ido ne a birnin Paris kafin ya riƙe kyamara, kuma wajajen 1896 ya fara amfani da dabarar tsayar da ɗauka: a dakata, a fitar da mutum daga wurin, a ci gaba, sai mai kallo ya ga ya ɓace. Gidan wasan Grand Guignol na wannan birni ya yi ta nuna kisa da jini daga 1897 zuwa 1962. A Jamus, fim ɗin Caligari na 1920 an yi shi ne a gaban bangon da aka zana wa inuwa da fenti. A 1989 manazarcin fim Andrew Higson ya ja hankali cewa siniman ƙasa ya haɗa da abin da mutanenta ke kallo, ko da daga waje ya zo.

A ƙasar Hausa

Wannan ra'ayi ya dace da Arewa. Majigi, wato fim ɗin da gwamnatin mulkin mallaka ke yawo da shi a mota tana haskawa a fili, ya daɗe yana tara jama'a a ƙauyuka, daga baya fina-finan Indiya suka mamaye gidajen sinima. Shehu Umar, littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, sai da Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan dandamali kafin Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. Turmin Danya na 1990, wanda ake ƙirgawa a matsayin fim ɗin bidiyo na farko da Hausa, ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ce ta yi shi a Kano. Wato 'yan wasan farko daga dandamali da talabijin suka fito, da halayensu duka.

Zariya na da rabo mai yawa a wannan tarihi. A Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, an fara koyar da wasan kwaikwayo a tsakiyar shekarun 1970 ƙarƙashin Michael Etherton. A wannan lokaci aka gina gidan wasan da ke harabar Samaru, ginin ƙasa mai ɗakunan zagaye kewaye da fili, kamar tsakar gida. Daga nan ɗalibai suka riƙa fita ƙauyuka irin su Soba da Bomo suna wasa da manoma. Wanda ya koyi wasa a irin wannan fili ya saba da masu kallo ta kowace kusurwa, don haka da dukan jiki yake magana.

Abin tsoron

A fina-finan Hausa, aljani, maye, fatalwa, dodo da boka su suka fi yawa. Bori babbar taska ce ga mai nazari, domin kowane iska da shigarsa da tafiyarsa da kiɗansa na goge ko garaya: Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta, Sarkin Rafi mai hauka da tsalle. Dutsen Kufena ma an daɗe ana danganta shi da iskoki. Galibi labarin kan ƙare da malami ya yi ruƙiyya. A fina-finan Kudu, tun daga Living in Bondage na 1992, tsafin kuɗi ne jigo, coci ke warwarewa.

Yadda ake nazarin fitowa

Ana zaɓar fitowa guda ta minti biyu zuwa uku. A kalle ta ba sauti, sannan a saurare ta ba hoto. A ƙirga sau nawa hoto ya sauya, a raba tsawon fitowar da adadin, don a san matsakaicin tsawon kowane hoto. Idan hoto guda ya kai daƙiƙa 30 kyamara na tsaye, kusan wasan dandamali ne aka ɗauka. A rubuta inda haske ya fito, da abin da aka ɓoye wa ido.

A nan ake ganin inda aiki ke lalacewa. Zare ido da ya isa layin baya a fili, idan kyamara ta matso kusa sai ya zama abin dariya. Farar hoda da baƙin kwalli suna narkewa da zufa a ƙarƙashin fitila, fuskar aljani ta sauya tsakanin ɗauka biyu. A dabarar ɓacewa, in aka taɓa ƙafar kyamara ko girgije ya rufe rana, bango zai yi tsalle, asiri ya tonu. Jinin ƙarya na ruwan sukari da jan launi kan fito kamar lemo sai an ɗan sa garin cakulan ya duhunta shi. Mafi muni shi ne ƙarar janareta: tsoro na buƙatar shiru, mai haɗa sauti kuwa yakan rufe ƙarar da kiɗa, ya kashe fitowar. Amma inda ɗan wasa ya hau iska a hoto guda mai faɗi ba yanka, gadon dandamali ya fi kowace dabarar kwamfuta tasiri.

Saɓani

Wasu na ganin Kannywood da Nollywood sinima guda ce ta Nijeriya, wasu na cewa harshe da kasuwa da hukumar tacewa sun raba su. Hukumar tace fina-finai ta ƙasa an kafa ta a 1993, ta Jihar Kano a 2001.