Me ya kawo jawabin 'yan siyasa cikin darasin sadarwa?

Wai don me malamai ke kunna wa ɗalibai jawabin siyasa a aji?

Saboda ka'idojin sadarwa in aka karanta su a bushe gyangyaɗi kawai suke sawa. Shi kuwa ɗan siyasa ba ya buɗe baki a banza, akwai wanda yake so ya ji shi, akwai abin da yake nema, to duk abin da ke cikin littafi sai ka gan shi ƙuru-ƙuru a jawabi guda.

Ta ina ake farawa?

Da tambayoyi biyar ɗin nan na Harold Lasswell, masanin siyasa da sadarwa ɗan Amurka, na 1948: wa ya yi magana, me ya ce, ta wace kafa, da wa yake, kuma me ta haifar. A gwada su kan jawabin shugaban Amurka Abraham Lincoln a garin Gettysburg, 1863. Wajen minti biyu ya yi, alhali Edward Everett da ya riga shi tashi ya kwashe awa biyu cur yana zuba, yau kuma na Lincoln ake haddacewa. Tambayar ƙarshe kaɗai ta isa ta cinye darasin.

Aristotle fa, bai tsufa ba?

Ina! Wannan masanin falsafa na tsohuwar Girka shi ya ce da abu uku ake shawo kan mutane, mutuncin mai magana, sosa zuciya, sai hujja. Malami ya raba jawabin da Martin Luther King, mai fafutukar 'yancin baƙar fata a Amurka, ya yi a Washington, Agustan 1963, kowa ya riƙe biro kala uku, ja na sosa zuciya, shuɗi na hujja, baƙi na inda yake nuna shi abin yarda ne. Kafin a kai inda yake ta maimaita zancen mafarkinsa takarda ta yi jajawur, kuma za ka ji ana musu a kan layi ɗaya wai wane kala ya dace da shi, ni a ganina wannan musun ya fi lacca amfani.

Ba za a koma rigimar jam'iyya ba?

Za a koma mana, shi ya sa gara a fara da tsofaffin jawabai da ba wanda ya kaɗa wa masu su ƙuri'a. In kuma rigimar ta ɓarke kar a kashe ta, nan ne wurin shigo da Stuart Hall, masanin al'adu da kafafen yaɗa labarai a Birtaniya, wanda a 1973 ya nuna saƙo ɗaya wani zai haɗiye shi duka, wani ya ɗauki rabi, wani ya juya shi baibai. Sai malami ya ce kowa ya rubuta a wane rukuni ya faɗa ɗazu, da layin da ya jefa shi ciki.