Fitar da Teburin Rumbun Bayanai zuwa Fayil ɗin Rubutu

Fitar da tebur zuwa fayil ɗin rubutu shi ne ka sa kwamfuta ta kwashe abin da ke cikin wani tebur na rumbun bayanai ta zuba a fayil da ko Notepad zai iya buɗewa, ba sai mutum ya zauna yana ta kwafa da hannu ba. Tsarin da aka fi amfani da shi shi ne CSV, kowane layin tebur ya zama layi ɗaya a fayil, waƙafi ya raba bayanan. An daɗe kowa na yin nasa yadda ya ga dama, sai a 2005 aka rubuta ƙa'idarsa a takardar RFC 4180.

Kowace manhajar rumbun bayanai da nata umarnin. A MySQL ana rubuta SELECT ... INTO OUTFILE, amma fa fayil ɗin a kan saba, wato kwamfutar da rumbun bayanan yake zaune a kanta, yake sauka ba a kwamfutarka ba, kuma in akwai wani mai wannan sunan ba zai danne shi ba, ƙi zai yi kawai. PostgreSQL na da COPY, sannan akwai \copy na cikin psql, manhajar da ake rubuta wa PostgreSQL umarni da ita, wanda shi yana ajiyewa a kwamfutarka. SQL Server kuwa da wata ƙaramar manhaja mai suna bcp ake yi. Masu rubuta manhaja da yaren Python sukan jawo layukan kaɗan-kaɗan su rubuta da kayan aikinsa mai suna csv, don kar babban tebur ya cinye memori.

Inda gizo ke saƙar shi ne cikin bayanan kansu. Adireshi kamar "Layin Masallaci, Fagge" yana ɗauke da waƙafi, in ba a kulle shi da alamar zance ba sai ya rabe gida biyu, duk abin da ke bayansa ya goce daga mazauninsa. Haruffa masu lanƙwasa irin su ƙ, ɗ da ɓ kuma sai an ajiye su da tsarin adana haruffa irin UTF-8, ko an yi hakan ma Excel kan hargitsa su in babu alamar BOM a farkon fayil, wato ɓoyayyar alamar da ke nuna masa tsarin haruffan. Lambar waya ma ba ta tsira ba, wadda ta fara da 080 sai ka ga sifilin ya ɓace, alhali yana nan daram a fayil ɗin, Excel ne ya ɗauke ta a matsayin adadi. Kuma layi 1,048,576 kaɗai shafinsa ke ɗauka, sauran ba zai nuna ba.