Idan karyarka ta ƙi yarda da barbara, don Allah kar ka danne ta

'Yan uwa masu kiwon karnuka a gida, akwai ƙorafin da muke yawan ji a wajen aikin dabbobi, mutum zai zo yace wallahi malam karyata ta fara jini na kawo mata kare mai kyau amma ta ƙi, sai gurnani take tana kai masa cizo, da ya matso sai ta zauna daɓas a ƙasa ta manne wutsiya. Daga nan sai kaji shawarar da abokai suka bashi, wai a ɗaure mata baki, mutum biyu su riƙe ta a sa karen ya hau. Wannan shawarar nake so mu bari.

Yawancin karyar da ta ƙi namiji ba taurin kai bane, ranar ce bata zo ba. Idan karya ta shiga lokacinta abin hawa biyu ne. Da farko gabanta zai kumbura yayi tauri, jini ja yana ɗiga, warinta na jawo maza daga nesa amma ita sam bata shirya ba, wannan hawan yakan ɗauki kamar kwana 9, sai dai wata kwana 3 ta gama wata kuma har kwana 17 ko fiye. Bayan nan ne zata shiga lokacin karɓar namiji, shima kamar kwana 9 ne a tsakaice. Kaga kenan wanda ya riƙe cewa kwana na 10 ko na 12 ake haɗawa dole, zai dace a kan wata karyar ya kuskure a kan wata, kuma ko karya ɗaya ce lissafin bana ba lallai ya zama irin na bara ba. Balle ma da yawa ba'a ganin ranar da jinin ya fara saboda tana lashewa, sai lissafin ya tashi a karkace tun daga tushe.

Ka bar ƙirga kwana kawai, ka dinga kallon jikinta. In ta kusa, jinin zai ragu ya koma fari-fari kamar ruwan wankin nama, kumburin ya saki yayi laushi har da ɗan tattarewa. Ka sa hannu ka shafa bayanta daidai gindin wutsiya, wadda ta shirya zata tsaya cak ta kafe ƙafafun baya ta karkatar da wutsiyar gefe guda, wadda bata shirya ba zata zauna ko ta juyo maka da kai. In kana son tabbaci kuma akwai gwajin jini na wani sinadarin haihuwa mai suna furojestaron da likitan dabbobi ke yi duk bayan kwana biyu ko uku, yana nuna lokacin da ta saki ƙwai, ƙwan karya kuma sai yayi kamar kwana 2 zuwa 3 bayan fitowa kafin ya ƙosa ya iya haɗuwa da maniyyi. Maniyyin kare lafiyayye yana iya yin kwanaki biyar ko fiye da ransa a cikinta, shi yasa haɗawa sau biyu da tazarar kwana biyu ya wadatar, ba sai kullum ba. Akwai ma ƙananan karyoyi da suke fara jini, abin ya tsaya ba tare da sakin ƙwai ba, sai bayan wasu makonni ya dawo na gaske.

Toh in lokaci yayi daidai, tana karkatar da wutsiya tana wasa da shi, amma da ya hau sai ta kurma ihu ta fizge, wannan ciwo ne take gaya maka. Wata an haife ta da matsewar hanya ko wani zare na nama da ya raba hanyar biyu, daga waje ba zaka gani ba sai likita ya sa safar hannu ya duba. Wata naman ciki ne ke kumbura ya leƙo waje lokacin jinin. Wata ciwon ƙugu ne ko na baya, nauyin namiji take kasa ɗauka, musamman in an kawo mata ƙato ita kuma ƙarama ce. Sannan akwai wani ƙari da karnuka ke ɗauka ta barbara, tsiro ne ja mai gudaji-gudaji a al'aura da ka taɓa sai jini, har mai karya ya ɗauka jinin lokacinta ne. Yana warkewa da allurar binkiristin da likita ke yi mako-mako, amma in ka tilasta haɗawa ka shafa wa ɗayan kenan. Haka cutar burusela ta karnuka, tana sa ɓari wajen kwana 45 zuwa 55 na ciki, tana kashe haihuwar namiji, kuma mutum ma na iya ɗauka in yana taɓa abin ɓarin da hannu tsirara. Gwajin jini kafin barbara shi ke nuna ta.

Wani lokacin kuma lafiyarta lau, tsoro ne kawai. Karyar da bata taɓa yi ba, ko wadda ta tashi ita kaɗai bata saba da karnuka ba, ka kawo baƙon kare cikin gidanta mutane sun kewaye suna hayaniya, dole ta kare kanta. Ita ake kaiwa wajen namijin, a barsu su saba na ɗan lokaci a waje mai shiru, ƙasa ba santsi, kowanne da igiya a wuya saboda in faɗa ya tashi. Sabuwar karya a nema mata namiji mai natsuwa da ya saba. Wata kuma wannan karen ne bata so, sau da yawa wanda suka tashi gida ɗaya kuma ta fi ƙarfinsa, in aka canza mata wani sai ta tsaya. Jinin farko kuwa ni shawarata a barshi ya wuce gaba ɗaya, jikinta bai gama girma ba.

Idan Allah yasa suka haɗu suka maƙale, kar ka watsa musu ruwa, kar ka ja, kar ka doka. Gindin al'aurar namijin ne ya kumbura a ciki, zai saki da kansa cikin minti 5 zuwa 30, wani sa'in ya ɗan wuce haka. Anan ne tallafa mata yake da amfani, ka durƙusa ka riƙe abin wuyanta a hankali kana lallashi don kar ta zauna ko ta ja shi da gudu su yage juna. Tallafa wa wadda ta yarda daban, danne wadda take ihu daban, na biyun yana jawo yagewa da zubar jini da cizo a hannunka, kuma karyar da aka yiwa haka takan tsani namiji a karo na gaba.

Kar ka sayo allurar tada sha'awa ko maganin barci ka dirka mata da kanka, allurar sinadarin haihuwa ba bisa ƙa'ida ba tana iya sa mahaifa ta tara mugunya, ciwon da ke kashe karya in ba'a yi mata aiki da wuri ba. In likita ya duba yaga lokaci yayi kuma ba cuta, yana iya ɗibar maniyyin namijin ya ɗura mata da bututu, ciki ya shiga ba tare da wahala ba, ta haihu bayan kamar kwana 63. In kuma wannan karon ya wuce, yawancin karyoyi suna dawowa bayan wata 6 zuwa 7, sai ka yi amfani da tsakanin ka kammala rigakafinta har da na haukan kare, ka bata maganin tsutsa, ka kuma rubuta ranar da ka fara ganin kumburi da ranar da ta fara karkatar da wutsiya don ka nuna wa likita.